Ranar da Ummaru Ya Ƙi Jan Igiya

Samarin da ke zama gindin dogon yaron ƙofar gidana sun ɗauka farautar rami wasa ce. Sun ga wani a waya ya zura hannu cikin rami ya jawo burgu ta wutsiya, sai ɗayansu ya ce mini, "Baba Arzika, ashe wanga aiki naku babu komi cikinai." Ban yi musu da shi ba. Cewa na yi su gyara zama.

Ni ban taɓa riƙe bindiga ba, ban kuma taɓa harba kibiya ba. Maharbi yana bin nama a sarari, ni kuwa har ɗakinsa nake bin sa. Manyan ramukan nan da ake gani a gindin tuddai tsakanin Jandutsi da Dangamaji, dabgi ne, dabbar nan mai dogon baki, ke haƙa su yana neman gara. In ya gama ya tashi, sai wasu su tare. Beguwa ta tare, gyado, wato aladen daji, ya tare, wani lokaci mesa. Ramin yakan ɗauki mutum in siriri ne kuma ya kwanta rub da ciki. Allah ya yi ni siriri, shi ya sa kawuna Nomau ya zaɓe ni cikin 'ya'yan ƙanwarsa.

Kayan aikinmu ba su cika buhu ba. Akwai dagi na haƙa, da gajeren mashi wanda bai wuce kamu biyu ba, don dogo ba ya juyuwa a rami. Akwai murfin tukunyar ƙarfe da maƙeri ya sa wa mariƙi ta ciki, shi ne garkuwar da nake turawa gaban fuskata. Akwai tocila da nake ɗaurewa a goshi da robar taya, da raga da ake shimfiɗawa a bakin rami. Sai igiyar rama mai ƙulli a kowace gaba, wadda ake ɗaura mini a idon sawu. Duk cikin kayan nan igiyar ce kawai Kawu ba ya saye a kasuwa. Da hannunsa yake tufka ta.

Rani biyu na yi ina bin Kawu bai bar ni na sa ko kaina a rami ba. Bakin ramin kawai yake koya mini karantawa. In akwai yanar gizo-gizo, babu kowa a ciki. In ƙudaje na shiga suna fita, akwai mai numfashi. In ka ga ƙasusuwa da aka gwaigwaye a gefe, beguwa ce, don tana tattaro su tana wasa haƙora. Wata safiya kusa da Alelu na ga sawun kofato a bakin wani rami, duk yana kallon waje. Na ce wa Kawu mai gidan ya fita, na durƙusa zan leƙa. Ban san lokacin da ya finciko ni ta wuyan riga ba. Ina faɗuwa gefe gyado ya fito kamar an harbo shi, haurensa ya ratsa daidai inda fuskata take, ya kwashi karenmu ya watsar, ya shige ciyawa. Karen bai tashi ba. Kawu ya jira har numfashina ya daidaita, sannan ya ce, "Gyado da baya shika shiga ɗaki nai. In kag ga sau ya hita, to shina ciki yana kallonka." Tun daga ranar ban sake tsayawa saitin bakin rami ba, ko da na ɓera ne.

Mai riƙe mini igiya Ummaru ne, ɗan Kawu Nomau, taubashina, ya girme ni da shekara biyu. Sanƙarau ya kama shi yana ƙarami, ya tashi ba ya ji, ba ya magana, mutane suna ce masa Bebe. Ƙato ne mai faɗin kafaɗa, ba kowane rami ke ɗaukarsa ba. Da farko na yi wa Kawu ƙorafi. Na ce in na yi ihu a ciki, wa zai ji ni? Ya ce ihu ba ya fitowa daga rami ko da mai kunne huɗu ne a bakin, ƙasa ce ke shanye shi. Igiya ce ke magana. In na lanƙwasa gwiwa na ja sau ɗaya, a ƙara mini igiya. Sau biyu, a tsaya. Sau uku, a jawo ni waje da sauri. Ummaru ba ya riƙe igiya da ƙarfi, tsakanin yatsu biyu yake sa ta, ya cire takalmi ya zauna a ƙasa, ya zuba wa ramin ido. Ko tsuntsu ba ya ɗauke masa hankali.

Manoma ne ke kiranmu. Beguwa ɗaya tana iya tone kunya guda ta dankali ko rogo kafin gari ya waye, kuma ba ta cin saiwa ta gama, sai ta gutsura nan ta gutsura can. Masu albasa na wajen Aliero ma sukan aiko in ta matsa wa lambu. Mu kama, mu yanka, mai gona ya ɗauki cinya, ya sallame mu da abin da gonar ta bayar. Ƙayoyin kuwa, mata masu kitso ne ke saye don tsaga, masu magani kuma su ɗauki hanji da wutsiya. Naman kuwa akwai wani Malam Bitrus, ma'aikacin lafiya mutumin ƙasar Zuru da aka turo aiki Jega, wanda ya ce duk ranar da muka samu kada mu wuce ƙofarsa. Shi ne ya fara tambayata ko gaskiya ne beguwa tana harbi da ƙaya. Na ce masa ba ta harbi. Baya take juya maka, ta kaɗa wutsiya kacau-kacau, sannan ta taho da baya a guje. Ƙayar da ta shige ka, ita ta kawo ta da kanta.

Aikin da nake so ku ji, a gonar rogon wani Malam Garba muka yi shi, bayan Dangamaji, cikin bazara, shekara biyu da rasuwar Kawu. Ya same ni a kasuwar Jega ya ce, "Arzika, beguwa ta gama da ni. Rogon da nika tanadi don damina, kullum sai ta rage shi." Muka je da hantsi. Ramin yana gindin wani tudu mai jar ƙasa, bakinsa ɗaya ne a buɗe, sauran biyun Malam Garba ya riga ya toshe su da duwatsu. Shi da ƙanensa Isa da 'yan ƙwadago uku suka bar aiki suka zo kallo. Na duba sawu na ga na babba guda. Akwai wasu ƙanana a gefe, na ɗauka na burgu ne. Nan na yi kuskure, kuma ba wanda ya sa ni.

Malam Garba mutum ne mai son sanin komai, sai da ya tambaye ni ma'anar jan igiya, na gaya masa. Na yi bisimilla, na ɗaure tsumma a hanci, na shiga. Suka shimfiɗa raga a bayana.

Cikin rami akwai zafi da wari kamar na tsohon akurki. Da gwiwar hannu ake tafiya, kai ba ya ɗaguwa, kaska na bin wuya ba ka da hannun cire ta. Na wuce gaba uku, ramin ya karkata hagu. A nan na wuce wata 'yar kafa ta dama, ƙarama, na haska ban ga komai ba, na ci gaba. A gaba ta biyar na same shi, namiji ne babba, ya kai ƙarshen ramin ya juya mini baya, ƙayoyinsa sun cika ramin daga ƙasa har rufi. Na ja igiya sau biyu. Na tura garkuwa, na gyara mashi ta ƙarƙashinta ina jiran ya taho.

Sai na ji kacau-kacau ta wajen ƙafafuna.

Macen ce. Tana cikin kafar nan da na wuce, da 'ya'yanta. Ta fito za ta gudu waje, ta ga raga da inuwar mutane, ta tsaya. Kanta yana kallon ƙofa, bayanta yana kallona, tana tsaye a kan igiyata. Ba ni da garkuwa a ƙafa, ba ni da wurin juyawa. Kafin in gama fahimtar abin da ke faruwa ta taho. Na ji kamar an kafa mini ƙusoshi masu zafi a tafin sawu da sha-raɓa. Ƙafar ta yi ta harbawa da kanta, ban san sau nawa ba. Namijin ma ya taho ya daki garkuwa har mariƙin ya fasa mini leɓe.

Da na samu na danne ƙafar, abin da ya fara zo mini shi ne, da harbawar nan na ja igiya. Na ja ta fiye da sau uku. Yanzu za a jawo ni da ƙarfin ƙato, ta baya, a cusa ni cikin ƙayar da tsininta ke kallona, daga sawu har cinya har ciki. Na taɓa ganin kare da ya shiga tsakanin beguwa da bango, na san yadda ake fitowa da shi. Na kafa gwiwar hannu a bangon rami, ko da yake na san ba zan iya da Ummaru ba. Na yi kalmar shahada, na jira.

Igiyar ba ta motsa ba.

Abin da ya faru a waje Malam Garba ne ya ba ni labari daga baya, kuma bai ɓoye nasa ba. Ya ce da suka ga igiya tana fizga, shi ya fara cewa, "Ya yi ukku, ku jawo shi." Ummaru bai ja ba. Ya rufe ido, igiyar na tsakanin yatsunsa, ya ɗan ɗaga ta ya sauke kamar mai auna nauyi. Malam Garba ya dafa kafaɗarsa ya nuna masa yatsu uku, Ummaru ya girgiza kai. Isa ya ce, "Wanga bebe zai kashe mutum muna kallo," ya kama igiyar ta bayan hannun Ummaru, 'yan ƙwadago biyu suka kama tare da shi. Ummaru ya take igiyar da ƙafa, ya zaro wuƙar yanka daga ƙugu ya ɗora a kanta, ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Suka gane in sun ja zai yanke. Suka saki.

Daga nan ya yaye ragar, ya kore su daga bakin ramin, ko mai tsaron hanyar za ta samu ta fita. Ba ta fita ba, ba za ta bar 'ya'yanta ba. Sai ya ƙirga ƙullin da ya rage a hannunsa, ya san gaba biyar ta shige. Ya hau tudun ya auna da ƙafa, ya kwanta ya manna ƙirjinsa da tafin hannunsa a ƙasa, yana matsawa kaɗan-kaɗan.

Ni a ciki ban san komai ba. Na ga dai ba a ja ni ba, na ce to Ummaru ya gane wani abu. Na kashe tocila don hasken na ƙara tunzura su. Hannun hagu na riƙe da garkuwa, da na dama na juya mashi ina dukan rufin ramin da gindinsa, a hankali, don in na buga da ƙarfi ƙasa na zubo mini a wuya. In na motsa ƙafa ko kaɗan sai in ji kacau-kacau, sai in ƙame. Sau biyu macen ta sake tahowa. Wani abu mai taushi ya hau bayan gwiwata ya sauka, ɗaya daga cikin 'ya'yan ne, ƙayarsa ba ta yi ƙwari ba tukuna. Iska ta fara ƙaranci. Numfashin dabba biyu da na mutum a rami mai ƙofa ɗaya ba ya daɗewa. Kaina ya yi nauyi, barci ya fara fizgata, na san kuma irin wannan barcin ba a tashi daga shi. Na ci gaba da bugawa ina ƙirga salati.

Ban san tsawon lokacin ba, sun ce har rana ta take tsaka. Sai na ji dum, dum, daga sama, ƙasa na zubowa. Tsinin dagi ya ɓullo tazarar tafin hannu daga kunnena na dama. Aka zare shi. Wani siririn haske ya sauko, iska ta biyo shi. Na kai bakina wurin na sha kamar ruwa.

Ummaru bai haƙa a saitin bayana ba, don kada rufin ya rufto mini. Ta gefe ya sa suka haƙa, shi da dagi, su da fartanya da hannu, Isa ma har da shi, sun ce ya fi kowa sauri. Da ramin ya buɗe, Ummaru ya sauko da rabin jikinsa, ya yanke igiyar daga ƙafata, ya kama ni ta hammata ya zaro ni sama. Ana kiran azahar a Dangamaji. Ya kwantar da ni a inuwa, ya duba idona, ya duba ƙafar, sannan ya koma gefe ya zauna ya yi ta amai.

Namijin sun same shi. Macen ta kwashe 'ya'yanta ta bar gonar a ranar, ba a sake ganin sawunta ba.

A kan babur aka kai ni wurin Malam Bitrus. Ƙaya goma sha ɗaya ya cire. Ta goma sha biyu ta karye tun a rami, tsininta ya nutse kusa da idon sawu inda ba a ganinsa. Wannan ɗan guntun shi ya cinye mini shekarar. Ƙafa ta kumbura ta yi ruwa, ruwan sama ya sauka ina kwance, ga mata da 'ya'ya huɗu, ga gonar gero ba a ko share ta ba. Malam Bitrus yakan zo gidana a kan babur ɗinsa duk bayan kwana uku, ya wanke ya ɗaure, in na yi maganar sallama ya ce in bari sai na koma kawo masa nama. A wata na uku guntun ya fito da kansa a cikin ruwan ciwon, bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba. Ummaru ya yi mini shuka. Da lokacin noman farko ya yi, sai ga Malam Garba da Isa da mutum tara daga Dangamaji, da fartanyoyinsu da furarsu, suka gama gonar kafin la'asar. Isa ya leƙo zaure ya gaishe ni, ya kasa haɗa ido da ni. Na ce masa in da ni ne a waje da ni ma ja zan yi, kuma gaskiya na faɗa.

Ina kwancen ne na tambayi Ummaru yadda ya gane. Ya ɗauko igiyar awaki ya ɗaura a ƙafarsa, ya ba ni bakin. Ya lanƙwasa gwiwa sau uku a natse, ya nuna ni: haka kake yi. Sannan ya harba ƙafar barkatai, ya girgiza kai: wannan ba kai ba ne, ciwo ne. Sai ya ɗora tafin hannunsa a tsakiyar igiyar ya danna, yana karkaɗa yatsu. Wani abu yana tsaye a kanta, yana rawa. Na riƙe igiyar na rufe ido na yi iya ƙoƙarina. Ni duk ɗaya na ji su.

Bayan kaka ƙafa ta warke, aka kira mu wata gonar dankali wajen Maiyama. Ummaru ya ɗaura mini igiya, na kwanta a bakin ramin, warin ya bugi hancina, sai jikina ya ƙi. Hannuwana suka ƙi jan jikina gaba. Na daɗe a haka, mai gona yana tsaye. Ummaru bai taɓa ni ba. Can ya durƙusa ya kwance igiyar daga ƙafata, ya tuɓe riga, ya ɗaura ta a tasa. Ramin mai faɗi ne, zai ɗauke shi da ƙyar. Na tare shi, na nuna masa kunnensa, na nuna masa ba zai ji kacau-kacau ba, ba zai ji hucin maciji ba. Ya ture hannuna, ya danƙa mini igiyar, ya ɗauki garkuwa ya shiga.

Ƙulli ɗaya ya wuce ta hannuna, na biyu, na uku, na huɗu. Ta tsaya. Sannan ta fara wani ɗan motsi da ban san sunansa ba. Ja ne? Numfashinsa ne? Wani abu ne ya taka? Mai gona yana tambayata lafiya, ni idona na kan igiya. In na ja, wataƙila in kashe shi. In ban ja ba, wataƙila in kashe shi. Shekara goma sha ɗaya ina shiga rami, ban taɓa tunanin abin da mutumin da ke zaune a waje yake ciki ba. Gumi ya jiƙa igiyar a hannuna. Sai na ji ta, a natse, ɗaya, biyu, uku. Na ja da duk ƙarfina.

Ya fito ja wur da ƙasa, ƙaya biyu a damtsensa, beguwa a tsinin mashi. Ya tofar da ƙasa, ya dube ni, ya yi irin dariyarsa marar sauti har kafaɗunsa na girgiza. Ya nuna igiyar, ya nuna ni, ya yarfa hannu: ba ka iya ba. Ya kwance ta daga ƙafarsa ya miƙo mini.

Akwai rami na biyu a ƙarshen gonar. Ni na shiga shi.

Mun ƙara shekara goma sha tara tare kafin gwiwoyina su gaji, dajin ma ya zama gonaki. Ummaru yana nan da ransa a Jandutsi, idonsa ya fara rauni, 'ya'yansa ke noma. Ranar Juma'a nakan hau mota in kai masa goro. Wani zuwa da na yi na ce bari in gode masa sosai, tunda ban taɓa yi da baki ɗaya ba. Na nuna masa ƙafata, na nuna igiya, na nuna wuƙa, na dafa ƙirjina. Ya kalle ni har na gama. Sannan ya ɓare goron, ya duba ɓangarorin biyu da kyau, ya miƙo mini ƙaramin.